Ranar da aka kama ni da wayar da ba ta tare da ni

Ni direba ne. Kayan gwari nake ɗauka daga kasuwar Mile 12 in kai wa masu gidajen abinci da 'yan kasuwa a Yaba da Oyingbo da Surulere. A 2009 na zo Ikko daga wani ƙauye kusa da Ɗanja a jihar Katsina. Na fara da dako, na koma yaron mota, sai a 2017 na haɗa kuɗin adashi da na wasu tumaki da na sayar, na sayi tsohuwar akori-kura ta kaina. A Agege nake zaune da iyalina. Abin da zan ba da labari ya same ni ne a watan Yulin 2023, amma idan ban fara da ƙanena ba, ba wanda zai gane abin da ya sa na kafe a kan maganar da naira dubu goma za ta kashe ta tun a bakin titi.

Ƙanena mai bi mini ya biyo ni Legas a 2016 ya kama acaɓa, tun kafin gwamnatin jiha ta hana su manyan tituna a 2020, ta kuma ƙara tsananta hanin a watan Yunin 2022. Wata safiya a 2019 yana tsaye a danja, jar wuta ta tsayar da shi, sai wata babbar mota ta taho ta bayansa ba ko taka birki. Waɗanda suka ciro direban sun ce wayarsa na kan cinyarsa tana haske, saƙon da yake rubutawa bai ma ƙarasa ba. An yanke wa ƙanena ƙafar dama daga gwiwa, yana da shekara 24. Ni na kai shi gida. Ni na tsaya a gaban Inna a tsakar gida, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kai ma mota kake ja." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A wurin na yi alkawari, ƙanena na ji, cewa hannuna ba zai sake taɓa waya ba muddin injin mota na kunne.

Saboda haka ni ba abokin gabar dokar hana waya a tuƙi ba ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ka sunkuyar da kai daƙiƙa uku kawai ka duba wanda ya kira, ka yi tafiyar mita 50 ido rufe, kuma a titin Ikorodu mita 50 na iya ɗauke da danfo biyu, wato bas-bas ɗin haya, da mai tallan biredi da yaro ɗan makaranta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa tarar naira dubu huɗu a kan wannan laifi a lokacin, ni kuwa a raina na sha cewa tarar ta yi kaɗan. Ƙafar ƙanena ba ta dubu huɗu ba ce.

Ranar da abin ya faru na tashi da ciwon haƙori na kwana uku, turmin ƙasa na gefen hagu, kuncina ya kumbura. Kwana biyu ba a kawo mana wuta ba, wayata ta mutu tun dare. Da na isa kasuwa bayan asuba sai na miƙa ta ga mai caji, wani yaro Bazamfare da ke da rumfa kusa da inda muke lodi. Duk wanda ya san kasuwa ya san tsarinsu: faifan katako cike da soket, ƙaramin janareta na kuka a gefe, ya manna wa wayarka lamba da salatif, ya ba ka ɗan guntun roba mai irin lambar, ya rubuta a littafinsa da lokacin da ka kawo. Tawa lamba 47 ce. Na jefa robar a aljihun gaban riga. Lodi ya kammala kafin wayar ta cika, na ce in na dawo na karɓa.

Kwando 14 na tumatir na ɗauka da buhu huɗu na attaruhu, rabinsu na wata Bayarabiya ce da muka fi shekara biyar muna hulɗa, Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam. A watan Yuli tumatir zinariya ne a Legas, domin na rani daga Kadawa da Ɗanja ya ƙare, sai ɗan na Jos da na nan Kudu. Ga fetur, wanda tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayu ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Kowace tafiya lissafi ce.

A Ketu na sayi piya wata mai sanyi, na naɗe ledar cikin baƙin hankicina, na danna a kunci. Haka muka shiga cunkoso, mota na rarrafe, hannun dama a sitiyari, na hagu a kumatu. Ba zan faɗi daidai wurin ba, wani wuri ne tsakanin Ojota da Jibowu. Muna layinmu, ba mu taka wanda aka keɓe wa manyan bas na BRT ba. Sai wani ɗan sanda ya shigo gabana ya daki bonet da tafin hannu, wani ya buɗe ƙofar gefe ya matse yaron motata ya zauna, ya ce in gangara gefe.

Da Turancin buroka wanda ya tare ni ya yi magana. "Aboki, waya kake yi kana tuƙi."

Na ce, "Yallaɓai, ba waya ba ce, haƙori ke ciwo." Na buɗe hankicin na nuna masa ledar ruwan, na juya masa kuncina ya ga kumburin.

A daidai nan, wallahi, na ga abin a fuskarsa. Ya dubi hankicin, ya dubi kuncin, idonsa ya ɗan tsaya. Ya gane. Da a lokacin ya ce in tafi, da ban sake tuna shi ba sai da alheri, domin ni kaina in na hango mutum ta gilashin mota da baƙin abu a kunne, waya zan ce. Amma abokan aikinsa biyu na kallo, masu talla sun fara taruwa, sai ya ɗaure fuska ya zare makullin mota ya ce in fito da wayar da na ɓoye.

Suka bincike motar. Ƙarƙashin kujera, aljihun mota, bayan madubi, har cikin safata. Babu. Na ciro robar nan mai lamba 47 na ce wayata na Mile 12 wurin mai caji, a tura wani ya gani. Ko kallonta bai yi ba. Sai suka laluba aljihun yarona suka samu 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, ya ɗaga ta sama kamar ya kama ɓarawo. Na ce a duba kiran ƙarshe. Aka duba, na daren jiya ne, ƙarfe tara da wani abu, yaron ya kira babarsa. Ya ce mun goge. Duk ƙofar da gaskiya ta buɗe sai ya sa ƙafa ya rufe.

Daga nan aka zo kan ainihin magana. Dubu hamsin, ko a tafi ofis. Kafin minti ashirin ta sauko dubu ashirin, ta sauko goma. Yarona ya matso kunnena yana rawar murya, "Oga, don Allah ka ba su, tumatir ba ya jira." Gaskiya ya faɗa. Duk direban da ya ba da a irin wannan hali ban ga laifinsa ba, ni ma na sha bayarwa a kan wasu abubuwan, fitila ce ta mutu ko takarda ta ƙare. Amma wannan karon in na miƙa kuɗin, na amsa ke nan cewa na yi abin da ya raba ƙanena da ƙafarsa. Bakina ya ƙi, hannuna ya ƙi. Na ce, "Yallaɓai, in na yi laifi a rubuta mini takarda in je in biya inda ake biya, ko a kai ni kotu."

Ba jarumta ba ce, jikina rawa yake. Wata bakwai kacal kafin nan, ranar Kirsimetin 2022, wani ɗan sanda ya harbe wata lauya a cikin motarta a Ajah, tana da juna biyu, a gaban iyalinta. A lokacin shari'ar na gudana, sai a watan Oktoban 2023 babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa. Idan lauya ce aka yi wa haka, ina ga mai ɗaukar tumatir? Don haka na bar hannuwana a fili, na sassauta murya, ban bar kalmar yallaɓai ta fita daga bakina ba.

Aka kai mu caji ofis wajen ƙarfe tara na safe. Aka ajiye motar a fili, aka sace iskar tayoyin gaba. Aka rubuta wani bayani aka ce in sa hannu. Turancina na kasuwa ne, amma na gane kalmar waya, na gane kalmar na amsa. Na ce ba zan sa ba sai an samu wanda zai karanta mini. Aka zaunar da ni bayan kanta a kan benci, a saman kaina ga takarda manne da bango an rubuta beli kyauta ne. A cikin ukun da suka tare ni akwai wani kurtu matashi, tun a titi bai ce uffan ba. Da wurin ya yi shiru sai ya matso ya yi mini Hausa, irin ta mutanen kudancin Kaduna. "Malam, ka rufa wa kanka asiri ka sallame su." Na ce, "Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah me ka gani a hannuna?" Ya sunkuyar da kai ya fita.

Yarona ne ya samu wani Basakkwace mai gyaran takalmi a bakin ƙofa, ya ari wayarsa ya kira shugaban ƙungiyarmu ta direbobi, wanda na haddace lambarsa. Bayan la'asar Baba Ciyaman ya iso, dattijo mai furfura da ya fi shekara arba'in a Ikko, tare da mai cajin nan riƙe da wayata da littafinsa. Salatif na nan a bayanta, 47. A littafi an rubuta ƙarfe shida saura kwata. Na ɗauka magana ta ƙare. Aka ce babban jami'i ba ya nan, a dawo gobe. Ni aka sake ni da dare a hannun Baba Ciyaman, mota kuwa ta kwana. Da daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye rana ta buɗe.

Wanda bai taɓa sana'ar gwari ba ba zai san abin da na tarar ba. Tun daga nesa tsami ya tare ni. Ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan kwanduna, ya bi bodin mota ya taru ja a ƙasa, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Na sa hannu a kwando na farko, yatsuna suka nutse har wuyan hannu. Na saman ne kawai ke da sauran kama. A cikin kwando 14, abin da muka tsince bai cika huɗu ba, sauran sai a matsayin fasasshe, wanda Yarbawa ke kira esha, da ake sayarwa a wulaƙance.

Babban jami'in mutum ne mai natsuwa, ya saurare mu, ya juya wayar, ya duba littafin, ya dubi kuncina wanda ya ƙara hawa. Ya sa aka miƙo makulli. Sannan ya ce, "Je ka, an yafe maka. Ka kiyaye gaba."

An yafe mini me? Wannan kalma ta fi mini asarar tumatir ciwo. Ana yafe wa wanda ya yi laifi ne. A littafinsu kuma abin da ke rubuce shi ne an kama direba yana waya, an yi masa gargaɗi an sake shi. Baba Ciyaman ya taka mini ƙafa a hankali, alamar in yi shiru mu fita da motarmu tukuna.

Ashe labari ya riga ni isa gida. Wani ɗan garinmu da ya wuce a danfo ya ga ana bincike na, ya tambayi masu talla, ya sa a zauren WhatsApp na 'yan ƙauyenmu cewa an kama ni ina waya ina tuƙi. Matata ta ce Inna ta kira tana kuka. Na kira ƙanena sau biyar bai ɗauka ba. Da ya ɗauka daga baya, gaisuwa kawai muka yi. Na rantse masa, ya ce, "To, Yaya, Allah ya kyauta." Na san wannan muryar. Bai ce ƙarya nake ba, amma a ransa hukuma ba ta kwana da motar mutum a banza.

Shi ya sa na nemi lauya. Akwai ɗan wani maƙwabcinmu a Agege, haifaffen nan, yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci kamar ruwa. Na ce, "Barista, ba kuɗi nake nema ba, takarda nake so da za ta ce ban yi ba." Shi ya buɗe mini ido a kan abubuwan da na shekara 14 ina tuƙi da bin mota ban sani ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar, wato ba ni ne ya kamata in kawo mai caji ba, su ne ya kamata su kawo hujja. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Sashe na 37 ya kare sirrin wayar mutum, ba a tsaya a titi a yi ta tone-tone a cikinta. Ya ce akwai sabuwar dokar 'yan sanda da aka sa wa hannu a watan Satumban 2020, wata guda kafin zanga-zangar EndSARS, akwai kuma sashen karɓar koke-koken jama'a da rundunar ta buɗe tun 2015. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ko na riƙe sunan da ke ƙirjin rigar jami'in. Na riƙe. Awa goma na yi a benci ina maimaita shi.

Muka rubuta koke, muka haɗa da hoton shafin littafin mai caji, da hoton robar, da takardar asibitin da aka cire mini haƙorin kwana biyu bayan nan. Sauran kuwa zirga-zirga ce: je ka dawo, mai fayil ya fita, an ɗaga zama. Sau biyar na ajiye mota na rasa aikin yini. Wasu abokan aikina suka ce na cika taurin kai, wasu suka ce ina ja da mai bindiga alhali kullum ta titin nake bi. Wannan na biyun ya hana ni barci ba sau ɗaya ba.

A tsakanin nan na yi wani abu da ba wanda ya sa ni. Wata Lahadi na je na tsaya a bakin titin, daidai inda suka tsaya, na yi awa guda ina kallon motoci. Hasken rana na dukan gilashi, fuskar direba ba ta fitowa sosai, hannu kawai kake gani a gefen kai. Na ga masu waya na gaske, da yawa ƙwarai, wasu ma rubutu suke da hannu biyu gwiwa na riƙe da sitiyari. Na ga kuma waɗanda ba zan iya rantsewa a kansu ba. A nan na tabbata cewa ganin farko da mutumin ya yi kuskure ne na ido, irin wanda kowa zai yi. Abin da ya biyo bayan buɗe hankicin shi ne ba kuskure ba. A 2021 gwamnan jiha ya ƙaddamar da kyamarorin da jami'an jiha za su riƙa maƙalawa a ƙirji. Da duk mai tsayar da mota a titi na ɗauke da irinta a kunne, da maganarmu ba ta wuce minti biyu ba, kuma da ta kare shi kansa ranar da wani mai laifin gaske zai yi masa musu.

A ƙarshen watan Satumba aka zaunar da mu a wani ofishi, mu uku, ni da Barista da Baba Ciyaman, 'yan sandan ukun a tsaye. Wanda ya tare ni ya nace cewa waya ya gani. Na biyu ya ce yana duba wata motar. Aka zo kan kurtun nan. Ya daɗe yana kallon ƙasa, gumi na bin wuyansa, sannan ya ce, "Yallaɓai, hankici ne da ledar ruwa. An caje motar a gabana, ba a samu wayarsa ba." Na san abin da wannan magana za ta iya jawo masa a tsakanin abokan aikinsa, shi ma ya sani. Har yau ina sa shi a addu'a.

Shugabar zaman mace ce. Ta juyo ta ce mini, ta bakin Barista, ba a yi mini daidai ba, za a gyara abin da aka rubuta, jami'in kuma zai fuskanci ladabtarwa ta cikin gida. Shi bai dube ni ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Maganar tumatir kuwa, aka ce sai dai kotu. Barista ya gaya mini gaskiya cewa shari'ar diyya na iya cin shekaru da kuɗin da ya fi na kayan, na ce a bar ta. Mama ta yafe mini kashi ɗaya cikin uku na nata, ta ce, "Malam, ba kai ka ruɓar da shi ba." Sauran na biya a hankali cikin wata biyar, ita da ɗayan mai kayan.

Bayan mako uku takardar ta fito, layi shida, da hatimi. Na ɗauki hotonta na tura wa ƙanena, ban rubuta komai a ƙasa ba. Matarsa ta gaya wa matata cewa ya ɗauki sandunansa ya je har gidan malamin firamaren garinmu, ya sa aka karanta masa aka fassara sau biyu, sannan ya wuce wurin Inna.

Washegari ina kan gadar Third Mainland da lodin albasa, wayata ta fara ruri a cikin aljihun mota. Ta yanke, ta sake, ta yanke, ta sake. Yarona ya kai hannu, na ce ya bari. Sai da muka sauka, na samu wuri na faka na kashe inji, sannan na duba. Ƙanena ne. Na kira.

Ya ce, "Yaya, na san a wannan lokacin kana kan hanya. Da gangan na kira sau uku."

Na kasa cewa komai. Na ji yana jan hanci. Can ya gyara murya ya ce, "Ya haƙorin?"

Na ce, "An cire shi tun tuni."

Ya ce, "Ga Inna, tana son magana da kai."